Yadda Alƙalai Ke Auna Aikin Kimiyya na Rukunin Ɗalibai

Gasar ISEF, wadda ƙungiyar Society for Science ke shiryawa a Amurka tun 1950, ita ce babbar gasar kimiyya da ƙere-ƙere ta ɗaliban sakandare a duniya. Ɗalibi na iya shiga shi kaɗai, ko ɗalibai su haɗa rukuni, amma kada su wuce uku. Maki 100 ake rabawa, kuma duk malamin da ke riƙe da kulob ɗin kimiyya na JETS a makarantunmu zai ƙaru da sanin yadda rabon yake.

Tun alƙali bai ga fuskar yara ba aiki ya kankama. Kwamitin tantancewa zai fara bin takardu: in binciken ya taɓa mutane, ko dabbobi masu ƙashin baya, ko ƙwayoyin cuta, an nemi izini kafin a sa hannu? In ba a nema ba, tun a bakin ƙofa za a iya tsayar da aikin. Daga nan alƙalai su karanta taƙaitaccen bayanin da bai wuce kalma 250 ba, su zagaya zaure suna duba allunan baje koli, masu aikin ba sa nan.

Sai awo. Maki 10 na tambayar da aka tashi amsawa ne, ko matsalar da aka tashi warwarewa in aikin ƙira ne. Tsarin da aka bi yana da 15. Aiwatarwa ta ɗauki 20: ga masu binciken kimiyya, tattara bayanai da fassara su, ga masu ƙira, haɗa samfuri da gwada shi.

A ce yara uku sun ƙera akwatin busar da tumatir da zafin rana. Alƙali ba zai tsaya kan kyan fenti ba. Zai so ya ga sun faɗi abin da suke nema tun farko: kwana nawa tumatir zai bushe, nawa akwatin zai ci, manomi zai iya saye? Sun gwada gilashi da leda kafin su zaɓi ɗaya? Sun shanya wani tumatirin a kan tabarma, yadda aka saba, don a kwatanta? Gwaji ɗaya ba gwaji ba ne. Littafin da suke rubuta aikin kullum, da kwanan wata da ma'auni da kurakuran da aka soke, ya fi rahoto mai sheƙi daraja a idon alƙalin da ya san aikinsa.

Basira da amfanin da aikin zai iya kawowa suna da maki 20. Allon baje koli kuwa, wanda yara kan kwana a kansa suna yanke-yanke da liƙe-liƙe, 10 kacal yake ci.

Kaso mafi tsoka, 25, na ganawa ne ido da ido, kuma a nan ake gane rukuni na gaskiya. Ba a barin malamai ko iyaye su shiga zauren. Alƙali zai bar mai zaƙin baki da ya haddace jawabi, ya juya wajen wadda ta yi shiru a gefe: "Ke, me ya sa kuka buɗe ramin iska a sama, ba a ƙasa ba? Ina kuskure zai iya ɓuya a lissafinku? Wa ya taimaka muku, kuma da me?" Raba aiki ba laifi ba ne, wani ya riƙe ƙira wani lissafi, amma dole kowa ya fahimci aikin gaba ɗaya, ya kuma nuna nasa hannun. Wanda aka sa sunansa don cika lissafi, tambaya biyu ta tona shi, makin rukuni ya sauka. Taimakon babba ma ba aibi ba ne in an bayyana shi. Ɓoyewar ce matsala.

Bayan ganawa alƙalan kowane fanni sukan zauna su tattauna, mai ƙorafi ya kawo hujjarsa, har su daidaita kan waɗanda suka cancanta.

Malam, in gasa ta gabato, kada ka ƙera wa yara aikin. Saya musu littafin rubutu tun ranar farko, kuma ka riƙa tsare kowannensu da tambaya shi kaɗai.