Yadda Ake Rubuta Labari Mai Darasi Ba Tare Da Hawa Mumbari Ba

 

Ya 'yan uwana ɗalibai, da yawanmu muna da kaye ɗaya a ƙasan jaka inda muke rubuta labarai. Sai dai akwai cuta guda da take kama rubutun ɗan madarasa. Zai fara labari da kyau, yana kaiwa shafi na biyu sai ya watsar da mutanen labarin ya shiga wa'azi. Wa'azi alheri ne, amma yana da wurinsa. Wanda ya ɗauki labari ya tarar da huɗuba, ajiyewa zai yi, darasin ma ya tafi a banza.

Wasu suna tambaya, shin ƙagaggen labari ba ƙarya ba ne? To, ku dubi Maƙamatul Hariri da malamanmu suke karantarwa a zaure. Maƙama 50 ce, kuma Abu Zaidis Saruji da ke cikinta marubucin ne ya ƙago shi. Haka Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya fassara daga Farisanci a ƙarni na 2 na Hijira: diloli biyu ne suke magana a fadar zaki. Mai karatu ya san misali ake buga masa, ba a yaudare shi ba. Abin da ba ya halatta shi ne ka jingina wa Annabi ko sahabi ko wani mutum na gaske abin da bai faɗa ba.

Na farko, ka bar aiki ya bayyana hali. Kada ka rubuta cewa mai shagon nan marowaci ne. Ka rubuta yadda ya ji sallamar baƙo, ya yi maza ya tura kwanon tuwo ƙarƙashin benci, sannan ya amsa yana goge baki. Ka ga ba ka zage shi ba, amma kowa ya gane shi.

Na biyu, ka kula da ƙaramin abu. A nan babu makaranta kamar Suratu Yusuf. Alƙur'ani gaskiya ne tsantsa, ba ƙage ba, amma mai rubutu yana koyon tsari daga gare shi. Ku lura da riga. Sau uku ta fito: rigar da 'yan uwa suka shafa wa jinin ƙarya, rigar da aka yage ta baya har ta wanke Annabi Yusuf daga zargi, da rigar da aka jefa a fuskar Annabi Yaƙub ganinsa ya dawo. Abu ɗaya ne, amma kowane zuwa da aikinsa. Kuma ƙissar ta buɗe da mafarki, ta rufe da tabbatar mafarkin. Saboda haka in ka ambaci wuƙa ko zobe a farkon labarinka, ka san amfanin da zai yi a gaba, in ba shi da amfani ka cire shi.

Na uku, ka ba gwarzonka buƙata, ka tare masa hanya. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, Alhaji Imam ruwan magani ya fita nema, Malam Zurƙe kuma yana ta shiga masa hanci. Da ya samu ruwan a rana ta farko, ai babu littafi. Kuma kada gwarzo ya zama waliyyi marar kuskure, mugu ya zama shaiɗan zalla. Mutane ba haka suke ba.

Na huɗu, kowa ya yi magana da bakinsa. Tsohuwa mai ƙosai ba za ta yi magana kamar mai i'irabin Ajrumiyya ba. Ka saurari mutane a kasuwa da tasha da bakin famfo. Mu da muke da Larabci, mu yi hattara da cusa kalmomi masu nauyi don a ce mun yi karatu. Balaga, kamar yadda aka koya mana, ita ce magana ta dace da halin da ake ciki.

Na biyar, in ka gama ka ajiye shi mako guda, sannan ka karanta wa ƙanenka da ƙarfi. Inda ya fara hamma, nan ne za ka sa alƙalami ka yanke. Layin ƙarshe da ke cewa darasin wannan labari shi ne kaza, shi ma ka gwada goge shi. In ƙanen ya gane ba tare da shi ba, aikinka ya yi.

Ga gwaji: rubuta shafi ɗaya a kan yaron da ya tsinci jaka biyar a ƙofar masallaci ranar da babu abinci a gidansu. Sharaɗi, kada kalmar amana ta fito ko sau ɗaya.