Dashen Manhajar Kwaikwayo a Kundin Digiri: Tsakanin Lasisin GPL da Dokokin Jami'a

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi halin da ɗalibi kan shiga idan ya ɗauki manhajar kwaikwayo mai lasisin GPL ya dasa ta a wata na'ura a matsayin aikin kammala digiri. An nazarci sassan bugu na 2 na lasisin, aka auna su da ƙa'idoji uku da jami'o'i suka saba gindayawa. Maƙalar ta gano cewa nauyin lasisin ba ya hawa kan ɗalibi sai ya miƙa manhajar ga wani, don haka ana iya sauke haƙƙin ɓangarorin biyu idan an tsara lokaci, an kuma rubuta yarjejeniya tun farko.

Fitilun Kalmomi: manhajar kwaikwayo, dashe, lasisi, haƙƙin mallaka, satar fasaha

1.0 Gabatarwa

Manhajar kwaikwayo ita ce wadda ke sa wata kwamfuta ta yi aiki tamkar wata daban. Misali, DOSBox, wadda ta fara fitowa a 2002, tana kwaikwayon tsofaffin kwamfutoci masu tsarin DOS domin manhajojin wancan zamani su yi aiki a na'urorin yau. Dashe kuwa, a nan, shi ne gyara manhaja domin ta rayu a muhallin da ba don shi aka rubuta ta ba, kamar mayar da DOSBox kan wayar Android.

Batun ya shafi manazarta adabi kai tsaye. Sashe na 10 na yarjejeniyar TRIPS ta 1994 ya sanya manhajar kwamfuta a sahun ayyukan adabi ta fuskar kariya, haka ma Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022. Ke nan ɗalibin da ya dasa manhaja yana matsayi irin na mai fassara: ya zuba basirarsa, amma a kan matanin wani.

2.0 Abin da Lasisin Ya Ɗora wa Ɗalibi

Richard Stallman ne ya tsara lasisin GPL a 1989, bugu na 2 ya fito a 1991, na 3 kuma a 2007. DOSBox tana ƙarƙashin bugu na 2 ko wanda ya biyo bayansa. Lasisin ya ba kowa damar amfani da manhaja da gyara ta. Sharuɗɗansa suna tasowa ne wajen rarrabawa:

i. Sashe na 2 ya wajabta a rubuta a kan kowane fayil da aka taɓa cewa an sauya shi, tare da ranar sauyin, kuma aikin gaba ɗaya ya fita ƙarƙashin lasisin nan.

ii. Sashe na 3 ya wajabta a haɗa manhajar da rubutunta na tushe, ko da rubutaccen alkawarin bayar da shi, wanda zai yi aƙalla shekara 3 yana aiki.

iii. Sashe na 6 ya hana ƙara wani takunkumi a kan wanda ya karɓa.

iv. Sashe na 7 ya ce wanda wani nauyi ya hana shi cika waɗannan sharuɗɗa, to kada ya rarraba sam.

Wanda ya saɓa, sashe na 4 ya soke izininsa nan take.

3.0 Abin da Jami'a Ke Nema

Ƙa'idoji uku ne suka fi karo da waɗannan. Ta farko, aiki ya zama na ɗalibi, ya kuma sa hannu a kan haka. Ta biyu, kada ya baza aikinsa kafin a tantance shi, gudun wasu su kwafa. Ta uku, wasu jami'o'i kan ɗauki abin da aka samar da kayan aikinsu ko kuɗin bincikensu a matsayin mallakarsu. Kowace daga cikinsu tana da hujja, domin jami'a ce ke shaida ingancin digirin da ta bayar.

4.0 Warware Saɓanin

Matakin farko shi ne a raba aikin gida uku: asalin manhajar, abin da ɗalibi ya ƙara a cikinta, da kundin da ya rubuta yana bayanin aikin. Asalin manhajar na marubutanta ne. Ɗalibi ba zai iya sallama wa jami'a abin da ba nasa ba. Kundin kuwa rubutu ne mai zaman kansa, lasisin bai shafe shi ba, sai abin da aka ɗebo daga manhajar aka sanya ciki. Rigimar tana kan kaso na tsakiya.

Game da ƙa'ida ta farko, lasisin da jami'a magana ɗaya suke yi. Alamar da sashe na 2 ya tilasta ita ce za ta nuna wa mai jarrabawa inda hannun ɗalibi ya faro da inda ya tsaya. Wanda ya goge sunayen marubutan asali ya yi halin hankaka, mai da ɗan wani naka, ya karya doka biyu a lokaci guda.

Game da ta biyu, akwai kuskuren fahimta da ya yaɗu, cewa GPL na tilasta a saki gyara ga duniya. Lasisin bai faɗi haka ba. Ɗalibi na iya riƙe dashensa har ya kare kundi. Idan ya miƙa kwafi ga malamin da ke duba aikin, ya haɗa da rubutun tushe da takardar lasisin, ya sauke nauyinsa. Abin da ba zai iya ba shi ne ya ba abokansa manhajar su gwada, sannan ya ce kada su ba kowa, ko ya ɓoye musu tushenta.

Ta uku ce mai wuya. Idan jami'a ta mallaki ƙarin da ɗalibi ya yi, tana da ikon hana fitar da shi. Amma duk ranar da ta so fitarwa, sharuɗɗan nan za su hau kanta. Ba ta da damar rufe tushen ta sayar da dashen a matsayin hajarta. Idan ta ƙi, sashe na 7 ya yi aiki: dashen ya tsaya a kabad, al'ummar da aka ari manhajarta ba ta amfana ba. Saboda irin wannan ne rataye na ƙarshen lasisin ya shawarci mai rubuta manhaja ya nemi makarantarsa ta sa hannu a takardar janye da'awar mallaka. Tarihin VLC, ko da yake ba manhajar kwaikwayo ba ce, ya nuna amfanin izinin hukuma: ɗaliban École Centrale ta birnin Paris ne suka faro aikin a 1996, amma bai fita ƙarƙashin GPL ba sai a 2001, bayan shugaban makarantar ya amince.

5.0 Kammalawa

Tun ran gini ran zane. Ya kamata ɗalibi ya ambaci lasisin manhajar a takardar neman amincewa da batun bincikensa, ya karɓi izinin sashe a rubuce, a kuma tsayar da ranar sakin dashen bayan kare kundi. Ya kuma guji haɗa tsofaffin wasanni a cikin dashen, domin haƙƙinsu daban ne, lasisin DOSBox bai rufe su ba. Su kuma sassan da ke karɓar irin wannan aiki, har da na harsuna masu mayar da fuskar manhajoji zuwa Hausa, suna buƙatar ƙara saɗara ɗaya a fom ɗin amincewa da batu: wane lasisi ke kan manhajar da za a taɓa, kuma wa zai mallaki abin da aka ƙara?