Sarkin Kano Muhammadu Sharefa (1703-1731) da Mutanen Gaya

Mai nazarin tarihin ƙasar Gaya, har da Ajingi da ƙauyukanta, ba zai tsallake zamanin Muhammadu Sharefa ɗan Dadi ba. A zamanin mahaifinsa ne Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi tawaye, ya shekara uku bai kai haraji Kano ba, har Dadi ya yaudare shi da kira, ya kashe shi. To, Maryama mahaifiyar Sharefa mutuniyar Gaya ce, kuma bisa ga dukan alamu 'yar Farin Dutsen ce. Ke nan a 1703 jikan wanda aka kashe shi ne ya gaji wanda ya yi kisan. Abin da Gayawa suka kasa samu da tawaye sai ga shi ya zo musu ta ɗakin uwa, suka zama masu faɗa a ji a fadar Kano.

Talakawa kuwa ba su ji daɗi ba. Marubucin tarihin sarakunan Kano bai raga wa Sharefa ba, domin ya lissafta hanyoyi bakwai na tara dukiya da ya ƙago, ya ɗauke su duka ƙwace ne, ciki har da harajin kasuwar Kurmi da na aurar da 'yan mata. A zamaninsa ne kuma aka ce wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa, abin da wataƙila ya sauƙaƙa wa masu karɓa aikinsu.

Wajen yaƙi bai yi sa'a da Zamfarawa ba. Sun watsa rundunarsa, ya sha da ƙyar. Bayan wannan kaye ne ya sa aka gina ganuwa a garuruwa da dama, cikinsu har da Gaya, garin kakanninsa na wajen uwa.