Ɗan'uwan Dankali na Daji

Jama'a, kowa ya san dankalin Hausa. Amma dankali yana da 'yan'uwa da yawa a daji. Yau za mu karanta labarin ɗaya daga cikinsu.

Wannan tsiro mai yaɗo ne. Yana hawa shinge da bishiyoyi. Ganyensa ya rabu biyar ko bakwai, kamar yatsun hannu. Furensa shunayya ne, mai siffar mazurari. Yakan buɗe da safe, ya yanƙwane kafin dare. A ƙarƙashin ƙasa yana yin saiwa mai kauri. Yana fitowa a ƙasashe masu zafi, har da Afirka.

Akwai wasu tsibirai a tsakiyar tekun Fasifik da ake kira Hawai. Tun 1959 jiha ce ta ƙasar Amurka. A zamanin da, babban abincin mutanen can shi ne gwaza da dankali. Idan fari ya zo, gonaki suka ƙi, sai su shiga daji su tono saiwar wannan tsiro. Sun sa masa suna koali ai. A harshensu, ai na nufin ci ko abinci. Saiwar tana da ɗaci, don haka ba a nemanta sai yunwa ta matsa. Sai an dafa ta kafin a ci.

Abin da ya cece su shi ne sani. Sun san wane yaɗo ake ci, wane ne ba a ci. Iyaye sun koya wa 'ya'yansu tun kafin wahala ta zo.

A nan sai mu yi hattara. Duman rafi da ke gefen fadamunmu shi ma dangin dankali ne. Furensa ya yi kama da na koali ai. Amma yana da guba. Awaki da tumaki da suka ci shi da yawa sukan kama rawar jiki. Kada a tono saiwar da ba a sani ba. Kada a bar yara su ɗanɗana. A tambayi dattawa da malamin gona tukuna.

Tambayoyi
1. A wane lokaci mutanen Hawai suke cin wannan saiwa?
2. Me ya sa ba a cin duman rafi?
3. Rubuta sunayen tsirrai uku na daji da ake ci a ƙauyenku.