Darasi: Kai Ruwa Gidajen Karkara Ba Tare da Jiran Wutar Lantarki Ba

Duk wanda ya zaga ƙauyukanmu ya taɓa ganin tanki tsaye bisa ƙarafa, an rubuta sunan mai sadaka a jikinsa, amma bakin famfo a bushe, mata da yara kuma sun koma tafki da jarkokinsu. Sau da yawa ruwan yana nan a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya faru shi ne an dasa injin da ke jiran wutar lantarki a garin da ba ta isa ba, ko janareta wanda ba a tanadi kuɗin mansa ba. Darasin bana a kan haka yake: a zaɓi hanyar ɗago ruwa gwargwadon ƙasar wuri da mutanensa, sannan a tanadi abin da zai riƙe ta.

Sanin buƙata da sanin ƙasa

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke buƙata domin sha, girki da 'yar tsafta. Gida mai mutum 10 ke nan yana son lita 200, wato jarka 8 masu cin lita 25. Unguwa mai mutum 500 tana son lita 10,000, ban da na dabbobi.

Ƙasa kuwa ba ɗaya ba ce. A mafi yawan Kano, Katsina, Kaduna da Zamfara dutse ne a ƙarƙashi, ruwa yana maƙale a tsagoginsa da cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke kansa, shi ya sa ake haƙawa nan a samu, a matsa kaɗan a tarar da busasshen rami. A Sakkwato, Kebbi, Barno da Yobe an fi samun shimfiɗar yashi da laka, mai riƙe ruwa da yawa, ko da yake a wasu wurare yana da nisa. Don haka kada kwamiti ya kira mai injin haƙa kafin masani ya auna ƙasa.

Hanyoyi huɗu

Ta farko, rijiyar guga. Ita ce mafi araha inda ruwa yake kusa. A haƙa ta a bazara, lokacin da ruwa ya fi ja da baya, a ɗaure cikinta da siminti, a yi mata daɓe da murfi, a kuma nisanta ta da masai aƙalla mita 30.

Ta biyu, famfon tuƙa-tuƙa. Injin da ke zuƙo ruwa daga sama, irin na ban-ruwan fadama, ba ya jawo abin da ya wuce zurfin kimanin mita 7. Tuƙa-tuƙa kuwa tukunyarsa tana can cikin ruwan, tana turo shi sama. Samfurin Afridev yana aiki har zurfin kimanin mita 45, kuma an ƙera shi yadda mutanen gari za su iya sauya robobinsa da kansu idan sun cinye.

Ta uku, rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Faifan sola ke ba injin da ke nutse cikin rijiya wuta, shi kuma ya tura ruwa cikin tankin da aka ɗaga sama, daga nan nauyin ruwan ya kai shi famfuna da gidaje. Hikimar ita ce a tara ruwa a tanki maimakon a tara wuta a batir, domin batir yana da tsada kuma yakan riga sauran kayan mutuwa. A fuskantar da faifan kudu, a riƙa wanke shi, musamman da hunturu, don ƙura tana rage ƙarfinsa. A kuma gwada yawan ruwan da rijiya ke bayarwa kafin sayen inji, domin injin da ya fi ƙarfin rijiyarsa zai tsotse ta ya ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙone.

Ta huɗu, tarbar ruwan sama. Kowace milimita 1 ta ruwa a kan murabba'in mita 1 na rufin kwano tana ba da lita 1. Rufin masallaci mai murabba'in mita 100, a shekarar da aka sami milimita 700, zai zubo da lita 70,000. A bar ruwan farko ya wanke rufi kafin a tara. Wannan hanya taimako ce ga rijiya, domin rani ya fi damina tsawo.

Wa zai riƙe ta?

Mafi yawan malamai, har da na mazhabar Malikiyya, sun tafi a kan cewa zakka ta rukunai takwas ɗin da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata ce, ba a gina ayyukan gama-gari da ita. Gurbin rijiya shi ne sadaka da waƙafi, kamar yadda Sayyidina Usman ɗan Affan, Allah Ya yarda da shi, ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi.

Sadaka mai gudana tana gudana ne muddin ana amfana da ita. Saboda haka muna roƙon kowane mai bayarwa ya haɗa rijiyarsa da abin da zai kula da ita, ko gona, ko shagon haya, ko wani kaso da za a ajiye domin gyara. Kwamitin masallaci kuma ya naɗa amintaccen mai kula, ya sa mata cikin shawara tunda su da 'ya'yansu ke ɗiban ruwan, ya san makanikin da zai kira, ya kuma karanta wa jama'a lissafin asusun gyara a kai a kai.