Goma Suka Warke, Ɗaya Ya Komo

'Yan'uwa ɗalibai da malamai, kowa ya san gaisuwar Katsinawa. In ka ce wa manomi ko maƙeri, "Ina aiki?" sai ya ce, "Aiki da godiya." Magana ce mai sauƙi a baka, har mutum ya kan faɗe ta zuciyarsa na wani wuri. To, bari mu duba yadda Kirista ke koyon nauyinta.

A cikin Linjilar Luka, sura 17, akwai labarin kutare goma da suka tsaya daga nesa suka roƙi Yesu Almasihu ya ji ƙansu. Ya aike su wurin firistoci, suna cikin tafiya sai suka ga sun warke. Tara suka wuce abinsu. Ɗaya kaɗai ya juyo yana yabon Allah, ya faɗi gaban Yesu ya yi godiya, shi kuwa Basamariye ne, watau baƙon da Yahudawa ke rainawa. Murna kam duka goman sun yi. Abin da ya bambanta ɗayan nan shi ne komowa.

Ƙasar Katsina ta san irin ciwon nan. A ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, mishan ta Sudan Interior Mission ta kama jinyar masu kuturta a Babbar Ruga, kusa da birni. Maganin lokacin nan allurar wani mai ce mai zafi, waraka kuwa ba tabbas. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da haɗin ƙwayoyi, wanda yau ke warkar da ciwon cikin wata 6 ko 12, kyauta kuma. Abin da kakanni suka yi ta roƙo da hawaye ya zama ƙwayar da a ke haɗiyewa da ruwa. Abin tsoron ke nan: ni'ima in ta yawaita, sai ido ya daina ganinta, mutum ya shiga sahun taran nan bai sani ba.

Saboda haka Kirista ke sa wa godiya lokaci. Ya kan yi addu'a kafin ya sa hannu a tuwo, da sa'ad da ya tashi, da sa'ad da zai kwanta. In kaka ta yi, ya kan kai damin gero ko dawa majami'a. Ko wahala ba ta ɗauke masa wannan, domin Bulus yana kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa wasiƙa, ya fara ta da gode wa Allah.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Tukwicin wanda Allah ya ba lafiya shi ne ya gaida mai ciwo, na wanda ya sami ilmi kuwa shi ne ya koyar da na baya. Kowannenmu ya ƙidaya ni'ima uku kafin ya kwanta yau, gobe da safe ya nemi wanda zai biya tukwicin ɗaya a kansa.