An Ƙwace Mini WhatsApp, Yaya Zan Dawo Da Shi?

TAMBAYA: Wani ne ya kira ni cikin ladabi, har da ambaton sunana, ya ce shi ɗan gurup ɗinmu ne na tsofaffin ɗalibai. Wai za a yi taro ta intanet da daddare, in karanto masa lambar da aka turo mini don a saka ni. Na karanto. Ban ankara ba sai WhatsApp ɗina ya fita. Yanzu yana ta roƙon 'yan'uwana kuɗi da sunana. Kutse aka yi wa wayata? Sai na sayi wata?
Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Malama, Allah ya kiyaye gaba. Wayarki lafiyarta ƙalau, kada ki ɓarnatar da kuɗinki. Ɓarawon nan bai haura katanga ba, sallama ya yi, aka miƙa masa mukulli.

Ga yadda abin yake. Duk wanda ya saka lambar waya a sabon WhatsApp, kamfanin zai aika lambobi 6 zuwa ga layin, don ya tabbatar mai layin ne. Mutumin ya rubuta lambarki a wayarsa, saƙon ya faɗo a taki, shi ne ya kira ki da zancen taro. Da kika karanto masa, sai akawun ɗin ya koma hannunsa. Sunanki kuwa galibi a gurup ya gani, bayan ya ƙwace na wani daga cikinku.

Yanzu ki buɗe WhatsApp, ki sake rajista da layinki. Za a turo miki sababbin lambobi 6. Kina shigar da su, shi zai fita. Idan aka tambaye ki wata lambar sirri da ba ke kika saka ba, to shi ne ya kulle. Sai ki yi haƙuri na kwana 7, daga nan ki shiga ba tare da ita ba. Amma ko a cikin kwanakin jiran, an riga an fitar da shi.

Kafin nan, ki bi 'yan'uwa da kira ɗaya bayan ɗaya, kada kowa ya tura ko sisi. Ki sa admin ya cire lambarki daga gurup na ɗan lokaci. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya garzaya bankinsa da shaidar turawar. Tsofaffin hirarrakinki kuwa a wayarki suke, ba su bi shi ba, sai dai saƙon da ya shigo lokacin da akawun ke hannunsa.

Da kin dawo, ki shiga Settings, ki taɓa Account, sannan Two-step verification. Tun 2017 aka kawo wannan tsari, amma mutane da yawa ba su kunna ba. Ki zaɓi lambobi 6 na kanki, ban da shekarar haihuwa, ki haɗa da imel. Ki kuma leƙa Linked devices, ki fitar da duk na'urar da ba ki sani ba.

Babu taron da ake shiga da lambar rajistar WhatsApp. Duk wanda ya nemi ki karanto masa ita, ko da sunan yayarki ya zo, ki katse, ki kira yayar taki a lambar da kika sani.